Yadda ake haɗa irin zomaye don samun naman ci a gida, mataki-mataki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Tunda mutane suka ga zomayen da nake yankawa a gida tambaya ɗaya ake ta min, a masallaci, a kasuwa, har a waya da daddare: wane iri zan haɗa da wane iri in samu zomo mai nama wanda kuma ba zai mace min da bazara ba? Maimakon in riƙa ba kowa amsa guntu-guntu gara in jera abin daga farko har wuƙa. Tsarin da nake bi dai shine uwa ta zama mai jure yanayinmu, uba ya zama mai tsoka da saurin girma, 'ya'yansu kuma na tukunya ne, ba na ajiye iri ba sai 'yan kaɗan da zan yi bayani a gaba.

1. Fara da lissafin bakin gidanka

Kafin ka sayi ko kunnen zomo ka san nawa gidanka zai ci. Mace ɗaya a yanayin arewa in ka bata hutun bazara zata haihu kamar sau 4 a shekara, in ta raya 6 a kowace haihuwa kaga 24 kenan. Mata 3 da namiji 1 zasu baka wajen 70 a shekara, wato fiye da zomo ɗaya duk sati. Zomo mai kilo 2 da rai in an feɗe an cire fata da kai da kayan ciki zai bar maka kilo 1 da 'yan kai. Ga gida mai mutum 6 ko 7 wannan ya isa farawa. Namiji ɗaya yana iya ɗaukar mata 8 zuwa 10 don haka kar ka sayi maza biyu kana da mata uku, ɓarnar abinci ce.

2. Zaɓen iri, wa zai zama uwa wa zai zama uba

Ga waɗanda zaka fi cin karo dasu a wajen masu saidawa. New Zealand White fari ne fat mai jan ido, asalinsa Amurka ne duk da sunan, babba yana kai kilo 4 zuwa 5, yana saurin girma kuma matan suna da nono. Californian shima fari ne amma hancinsa da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya baƙaƙe ne, ya ɗan fi New Zealand ƙanƙanta amma cinyarsa da gadon bayansa a cike suke da tsoka kuma ƙashinsa ba kauri. Chinchilla ruwan toka ne, ya daɗe a ƙasar nan ya saba da mu. Dutch ƙarami ne, kilo 2 zuwa 2 da rabi, mai farin ƙirji kamar an ɗaura masa ɗamara, uwa ce ta kirki amma ba girma. Sai na gida, waɗanda a gaskiya gauraye ne na duk waɗannan da suka shekara da shekaru suna haihuwa a hannun mutane, su ne suka fi jure zafi da cin harawa zalla.

Haɗin da na fi yarda dashi ga mai farawa: mata Chinchilla ko manyan na gida masu lafiya, namiji New Zealand ko Californian. Dalili kuwa kuɗinka ka zuba shi a namiji guda ɗaya mai kyau, shi zai hau dukkan matan, rabin jinin duk ɗan da aka haifa a gidan nasa ne. In kana da wuri mai sanyi da inuwa sosai, ko kana wajen Jos ko Mambila, to mace New Zealand da namiji Californian shine haɗin da masu kiwon nama a duniya suka fi yi kuma yana bada abin da ake so.

Hattara da Flemish Giant. Wannan ƙaton na Beljiyam da ke wuce kilo 6 shi yake ruɗar mutane a hoto. Ƙashi da fata sun yi masa yawa, ci gareshi, baya balaga sai wata 8 ko 9, kuma zafi na kayar dashi da wuri. Na taɓa haɗa shi da wata ƙaramar macen gida da bata kai kilo 2 da rabi ba, cikin ya zo da 'ya'ya uku kacal manya-manya, ta kwana tana naƙuda, da asuba na tarar ɗaya ya maƙale, ita da 'ya'yan duk ba wanda ya tashi. Har yau ina jin zafin abin don laifina ne ba nata ba. In dole sai ka sa jininsa to mace ta zama babba wadda ta taɓa haihuwa.

Hyla kuma da ake ta yayi yanzu shi kansa haɗaɗɗe ne da kamfanoni a Turai suka fitar, yana da girma da sauri amma in ka haɗa 'ya'yansa da junansu ba zasu fito kamar iyayen ba. Angora na gashi ne, kar ma ka kalle shi in nama kake nema.

3. Sayen namiji da mata

Dan Allah ka je gidan mai kiwon da ƙafarka, kar ka saya a hoto kar ka saya a kwando a bakin titi. Ka ce a nuna maka uwarsa da ubansa da 'yan uwan da aka haife su tare, ka tambayi ranar haihuwa. Mai kiwon gaske yana da littafi. Idan kana kusa da Zariya, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, dake Shika suna da sashen binciken zomaye, wuri ne da ya dace ka nemi shawara kan iri.

Ka ɗauki zomon ka duba da hannunka. Hanci a bushe, ba majina ba atishawa, kuma ka kalli cikin ƙafafunsa na gaba, in gashin wajen ya manne to yana goge majina dasu ne, mura ce mai wuyar rabuwa, ka barshi. Cikin kunne ba ɓawo. Hanci da yatsu ba ƙazuwa. Ƙarƙashin wutsiya ba alamar zawo. Ɗaga leɓensa ka ga haƙora, na sama su ɗan rufe na ƙasa, in sun karkace ko sun yi zaƙo-zaƙo wannan abin gado ne zai zuba maka shi a 'ya'ya. Namiji ka tabbatar 'ya'yan marainansa biyu duk sun sauko. Mace ka ƙirga kan nono, 8 ko fiye. Sannan ka shafa bayansa daga kafaɗa zuwa ƙugu, in kana jin ƙashin baya kamar carbi to ba nama, wanda kake so shine mai faɗin ƙugu mai cikar cinya.

Gargaɗi: kar ka sayi namiji da mata a gida ɗaya sai in an nuna maka a rubuce cewa ba dangi bane. Yawanci wa da ƙanwa ake haɗo maka.

Gargaɗi na biyu: sabon zomo a keɓe shi nesa da naka sati 3 zuwa 4, ka riƙa bashi abinci a ƙarshe bayan ka gama da sauran. Akwai cutar nan mai kashe zomaye farat ɗaya wani lokaci da jini a hanci, ta ɓarke a Najeriya a 2020 ta share gidajen kiwo da yawa, kuma ta hanyar sabon zomo da takalmin baƙo take shiga.

Kuma ba'a ɗaga zomo da kunne. Ka kama fatar kafaɗa ɗayan hannun ya tallafi ɗuwawun.

4. Keji, kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Haɗa iri baya yiwuwa in zomaye a sake suke a ɗaki ɗaya kowa na hawan kowa, don ba zaka taɓa sanin uban wani ba. Kowace mace da ɗakinta, namiji da nasa. Ga mata 3 da namiji 1 kana buƙatar ɗaki 4, da ɗaki 2 ko 3 na yaran da aka yaye, da ɗaya can gefe na keɓewa. Ɗakin mace tsawo santimita 90, faɗi 60, tsayi 45. Ƙasan ya zama waya mai ƙananan ido, rabin inci da inci ɗaya, yadda kashi zai zube amma ƙafar jariri ba zata zurma ba. Wayar kaji bata yi, suna tsinka ta kuma tana yanka ƙafa. A ɗaga kejin daga ƙasa kamar zuwa ƙugu, a sa ƙafafunsa cikin gwangwani da baƙin mai saboda kwarkwasa da tururuwa, a toshe duk inda ɓera ko gafiya zai shiga don suna cin jarirai.

Sauran kaya: kaskon ƙasa mai nauyi na ruwa da na abinci wanda ba zasu kifar ba, akwatin haihuwa na katako santimita 45 da 30 da 30, sikelin ratayewa, littafi da biro, da ɗan kwali da zaka manna a ƙofar kowane ɗaki.

Maganar kuɗi, keji shi yake cin kaso mafi girma a farko musamman waya, sai namijin, wanda zaka iya biyan kuɗin matan gida biyu ko uku a kansa kuma ya cancanta. Bayan nan abinci ne kullum. Babban zomo yana cin giram 100 zuwa 150 na haɗin abinci a rana banda ganye, mai shayarwa tana ninka wannan har fiye. Ka sayi harawar gyada da ta wake da kaka lokacin da take araha ka adana a inda ba laima, wanda ya jira sai bazara zai saya da tsada.

5. Barbara

Mace sai ta kai wata 5 zuwa 6, namiji wata 6 zuwa 7. Ka duba gabanta, in ya yi ja ya ɗan kumbura to a shirye take, in fari ne a bushe ka bari kwana biyu ko uku ka sake dubawa. Zomanya bata da lokacin neman namiji tsayayye irin na akuya, barbarar ce ke sa ta saki ƙwai, shi yasa kusan kowane lokaci ana iya gwadawa.

Mace ake kaiwa ɗakin namiji. Kar ka kuskura ka kai shi nata, zata yi masa faɗa ta ji masa ciwo, ko shi ya tsaya shinshine-shinshine ya manta da abin da ya kawo shi. Ka kai ta da sassafe ko bayan magariba lokacin da gari ya yi sanyi, ka tsaya a wajen kana kallo. In ta yarda zata ɗaga bayanta, shi kuma in ya gama zaka ga ya faɗi gefe ɗaya wani lokaci da ɗan ƙara, wannan faɗuwar ita ce shaida. Ka bari ya yi sau biyu sai ka mayar da ita ɗakinta. In minti 10 ya wuce tana ta gudu tana gurnani ka ɗauke ta ka dawo gobe. Ba'a barin su kwana tare.

Nan take ka rubuta a kwalin ƙofa da littafi: wace mace, wane namiji, ran nawa ga wata. Kuma ka yi ƙoƙari ka haɗa mata biyu rana ɗaya, zaka ga amfaninsa a mataki na gaba.

Gargaɗi: daga Maris zuwa Mayu a arewa zafi yana wuce digiri 30 nesa ba kusa ba, kuma a irin wannan zafin maniyyin namiji yana raunana, sai ka ga yana hawa yana faɗuwa amma ba ciki, kuma ko gari ya yi sanyi yana ɗaukar wata ɗaya zuwa biyu kafin ya dawo daidai. Mutane da yawa sun saida namiji mai kyau a banza saboda wannan. Mai ciki kuma zafi na iya kashe ta. Ni a watannin nan hutu nake basu, in shimfiɗa zana a kan rufin kwano, in rataya jiƙaƙƙen buhu a gefen da iska ke shigowa, in sa tayil a cikin keji su kwanta a kai.

6. Ciki da haihuwa

Cikin zomo kwana 31 ne galibi, yana iya zuwa daga 28 zuwa 33. A kwana na 12 zuwa 14 ka ɗora ta a tebur kanta na kallonka, ka zura hannu ƙarƙashin cikinta wajen ƙafafun baya ka lalluba a hankali da babban yatsa da sauran, zaka ji wasu abubuwa masu santsi kamar 'ya'yan ɗinya suna zamewa. Kashi ya fi ƙanƙanta ya fi tauri. Kar ka matsa da ƙarfi. In ba komai ka mayar da ita wajen namiji ranar, ka ga ka tsira da sati biyu. In ka ga tana tsige gashi tana tara ciyawa a kwana na 16 zuwa 18 to cikin ƙarya ne, a sake haɗa ta.

A kwana na 28 ka sa akwati da busasshiyar ciyawa mai laushi. In ka sa da wuri zata maida shi masai. Ruwa kar ya yanke mata ko na awa ɗaya a kwanakin nan, uwar da ta haihu ta tarar da kasko a bushe tana iya cinye 'ya'yanta.

Washegarin haihuwa ka bata ganyen da take so, ka wanke hannu ka shafa jikinta sannan ka buɗe gashin ka ƙirga, ka cire matattu. Jaririn da ya sha nono cikinsa a cike yake kamar ƙwai, wanda bai sha ba fatarsa a yamutse. Uwar sau ɗaya ko biyu take shayarwa a rana na 'yan mintuna, don haka rashin ganinta a akwati ba wai ta ƙi su bane. In ɗaya ta haifi 10 ɗaya ta haifi 4, cikin kwana ukun farko ka ɗebi 3 ka kai wa mai 4 ka cusa su cikin gashin gidan, ka rubuta. Suna buɗe ido a kwana 10 zuwa 12, su fara fitowa suna taɓa abinci wajen sati 3.

Maganar launi, don an sha kirana ana cewa an cuce ni namijin ba na asali bane. Farin New Zealand farin zabiya ne, ɓoyayye ne, in ka haɗa shi da mace mai launi 'ya'yan zasu fito baƙi, toka, ja, ko roɗi-roɗi, kuma ba laifi bane. New Zealand da Californian kuma 'ya'yan suna fitowa da tabon hanci da kunne amma bai kai na uban duhu ba, kuma tabon Californian ɗin kansa yana kodewa da zafi ya dawo da hunturu. Sikeli zaka duba, ba launi ba.

7. Yaye da ciyarwa

Ka yaye a sati 5 zuwa 6. Ka ɗauke uwar ka bar yaran a ɗakin da suka saba na 'yan kwanaki in kana da wuri, sun fi samun natsuwa. Ka auna kowane ɗaya ka rubuta, ka sake aunawa duk sati biyu. Uwar in jikinta da kyau a mayar da ita wajen namiji bayan yaye, in ta rame a bata sati biyu.

Abinci: harawa kullum a gabansu, sai haɗin dusar masara ko ta alkama da garin waken suya da aka soya ko ƙuliƙuli mara yaji da ɗan gishiri, ko abincin zomo na buhu in aljihu zai ɗauka. Ganyen zogale, ganyen dankalin Hausa, ganyen gyada duk suna so. Da abinci mai kyau haɗaɗɗen yaro yana kai kilo 2 a wata 3 zuwa 4, in ganye da dusa ne kawai sai wata 5 ko fiye. Jini mai kyau baya maye gurbin abinci, New Zealand da yunwa bai fi na gida ba.

Gargaɗi: satin farko bayan yaye shine lokacin da zawo ya fi kashe su. Ɗanyen ganye a shanya shi ya yi yaushi kafin a basu, banda mai raɓa, banda wanda aka yi wa feshi, banda dusa mai fumfuna, kuma sabon abinci a shigo dashi kaɗan-kaɗan. Kar ka ɗura wa zomo amoksisilin ko ampisilin ta baki irin yadda ake wa kaji, yana kashe ƙwayoyin hanjinsa ya mutu. Wasu abincin kajin gidan gona ma akwai maganin da ake sawa ciki da ke yi wa zomo illa. Ƙazuwa ana maganinta da ibamektin amma likitan dabbobi ya auna maka gwargwadon nauyi.

A wata 3 ka raba maza da mata, in ba haka ba zaka tarar da ƙanwa da cikin wanta.

8. Wa za'a yanka, wa za'a bari

Nan ne akasarin mutane ke rushe aikin da suka yi. Haihuwar farko ta haɗin iri biyu tana fitowa da ƙarfi, sun fi iyayen rayuwa da saurin girma, sai mutum ya ji daɗi ya ware namiji da mace a cikinsu ya ce ya samu iri. To in ka haɗa su da juna 'ya'yansu zasu fito barkatai, wani babba wani ƙarami, ƙarfin nan ya ragu, ga kuma auren dangi ya shigo. Wani maƙocina haka ya yi shekara biyu bai kawo sabon namiji ba, da na leƙa kejinsa na tarar uwa na haihuwar 3 ko 4, yara 'yan wata huɗu basu kai kilo 1 da rabi ba, biyu daga ciki haƙoransu sun fito waje sun lanƙwashe basa iya cin abinci.

Don haka mazan da aka haifa duk na yanka ne, ko wanda ya fi kyau. Matan kuma ka zaɓi ɗaya ko biyu don su gaji iyayensu mata, ka zaɓo daga uwar da ke haihuwar 7 ko 8 tana raya su, kuma wadda ta fi nauyi a sikeli cikin 'yan uwanta. Wannan haɗaɗɗiyar macen sau da yawa ta fi uwarta iya reno. Amma kar ubanta ya hau ta. Ka nemo mata namiji na wani iri daban daga wani gida: in ubanta New Zealand ne ka kawo Californian, 'ya'yan da zasu haifa jini uku kenan kuma su ne suka fi cika tukunya a duk abin da na gwada. In ba halin riƙe maza biyu ku yi musanya da wani abokin kiwo da ka yarda da tsaftar gidansa, a keɓe kamar yadda na faɗa a mataki na 3.

Ka lura da lissafin jini kuma. Haihuwar farko rabi na waje rabi na gida. In ka sake sa namijin waje a kan 'yar, ya zama kashi 75 cikin 100. Ka sake, ya haura 87. Kowane hawa juriyar zafi na raguwa. Ni a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba zan wuce 75 ba, daga nan sai in dawo da namiji Chinchilla ko in sayo sabbin matan gida.

Macen da ta watsar da 'ya'ya ko ta cinye su sau biyu a jere alhali da ruwa da abinci da natsuwa, ko wadda aka haɗa sau uku ba ciki ba kuma bazara ba, ta shiga layin yanka.

9. Yanka

Da ya kai kilo 2 zuwa 2 da rabi ka yanka, bayan nan abincin da yake ci ya fi naman da yake ƙarawa. In an yi masa allura ko an bashi magani ka jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika. Ka janye abinci tun dare ka bar masa ruwa, da safe ka wasa wuƙa sosai, wani ya riƙe maka shi da kyau don yana da ƙarfin shuri, ka yi bisimilla ka yanka, kuma ba a gaban sauran ba. Ka rataye shi ta ƙafafun baya, ka zagaye fatar a gwiwa ka tsaga tsakanin cinyoyi ka ja ƙasa, zata fita kamar riga. Wajen buɗe ciki ka kula da mafitsara da maɗaciya kar su fashe a kan naman. Ka auna shi bayan fiɗa ka rubuta kusa da sunan uwarsa da ubansa, da wannan zaka gane wane haɗi ne ya fi baka nama. Sannan ka duba hantar kafin a kai kicin, in ka ga fararen ɗigo-ɗigo a jikinta ka zubar da ita, alamar ƙwayar cutar da ke yaɗuwa ta kashi ce, ranar ka wanke kejin yaran da kaskonsu ka shanya a rana, ka kira likitan dabbobi ya duba sauran.